Wa Ya Tambayi Kare? Tsokaci Kan Amana A Duwatsun Ƙanƙara

Gabatarwa

Mutanen arewacin Birtaniya suna da wata al'ada wadda mai hange daga nesa zai iya kiran ta ganganci. Idan sanyi ya kankama, wato daga watan Disamba zuwa Maris, dusar ƙanƙara ta lulluɓe duwatsun ƙasar Sikotlan, sai ka ga mutane sun bar ɗakunansu masu ɗumi tun da asuba, sun saɓa jakunkuna, sun nufi ƙololuwar dutse da ƙafa. Ba farauta ta kai su ba, ba kiwo ba, babu kuma wanda ya aike su. Burinsu shi ne su kai can sama, su ba idonsu abinci na ɗan lokaci, sa'an nan su gangaro kafin duhu ya rufa. Da yawa daga cikinsu kuwa ba su kaɗai suke tafe ba, akwai kare a gaba ko a baya yana ta kaɗa wutsiya.

Shi mutum baligi ne mai hankali, in ya ga dama ya sayi wahala da kuɗinsa, wannan ruwansa ne. Abin da wannan maƙala ta sa a gaba shi ne matsayin abokin tafiyar tasa. Shin ya halatta ga mai hankali ya ja wata halitta zuwa cikin haɗarin da shi ya sani, ita ba ta sani ba, don kawai ta nuna tana son bin sa? Mai karatu zai iya cewa maganar kare ce, ba ta kai a ɓata mata tawada ba. To amma sau da yawa a kan ƙaramin abu ake gane babban hali, kuma tambayar da ke nan ita ce dai ta kowane jagora da mabiyinsa.

Yadda dutsen yake

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san filin da ake magana a kansa. Duwatsun Sikotlan ba su da wani tsawo na a-zo-a-gani. Babbansu, Ben Nevis, mita 1,345 ne kacal, bai ko kama ƙafar Chappal Waddi na jihar Taraba ba, wanda ya haura mita 2,400. A shekarar 1891 wani mai suna Hugh Munro ya tsara jerin duwatsun ƙasar da suka wuce ƙafa 3,000, waɗanda a ƙidayar yanzu 282 ne, kuma har yau da sunansa ake kiran su. Tun daga lokacin hawan su duka ɗaya bayan ɗaya ya zama abin da mutane ke ɗaura wa ɗamara, wasu su kwashe shekaru suna yi.

Haɗarin waɗannan duwatsu yana cikin yanayinsu ne. Ƙasar tana can arewa ƙwarai, don haka a tsakiyar Disamba hasken rana ba ya wuce awa bakwai. Iskar da ke tasowa daga tekun Atilantika kuwa babu abin da ke tare ta. A ranar 20 ga Maris, 1986, na'urar da ke kan dutsen Cairn Gorm ta auna iska mai gudun mil 173 a awa. Akwai kuma wani yanayi da gajimare ke sauka a kan dusar ƙanƙara, sama ta yi fari, ƙasa ta yi fari, har mutum ya kasa bambance inda ƙasa ta ƙare da inda sarari ya fara. Wanda ya san hazon hunturu mai kauri ya ɗan san kamarsa, sai dai a can ko sawun da ke gabanka ba ka gani. A irin wannan yanayi ne, cikin Nuwamba 1971, 'yan makaranta biyar daga birnin Edinburgh da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu suka rasa rayukansu a kan tudun Cairngorm, bayan sun kwana biyu a fili cikin guguwar ƙanƙara.

Mafi yaudara a cikin haɗurran nan shi ne abin da za mu kira leɓen ƙanƙara. Iska takan yi ta tara dusar ƙanƙara a bakin gaɓar dutse har ta miƙe waje kamar rumfa, ƙarƙashinta babu komai sai rami mai zurfin ɗaruruwan ƙafa. Daga sama kuwa shimfiɗa ce fara sumul, kamar sauran ƙasa. Mai hawan dutse ya karanta labarinta, ya duba taswira, ya san ya yi nesa da baki. Yana da gatarin ƙanƙara a hannu, da ƙayoyin ƙarfe ɗaure a takalmansa. Kare ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya ga fili, ya ji ƙanshin zomo, sai ya sheƙa.

Mutum ya zaɓi dutse, kare ya zaɓi mutum

A nan ne tushen maganar yake. Duk wanda zai hau dutse cikin sanyi yakan yi wani ciniki da zuciyarsa tun daga gida. Ya saurari hasashen yanayi, ya duba rahoton hukumar da ke lura da zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda ta fara aiki a Sikotlan a 1988, ya auna ƙarfinsa, sa'an nan ya ce ya yarda. In wani abu ya same shi, to, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yardarsa yarda ce ta gaskiya domin da sani aka yi ta.

Kare fa? Da ya ga an ɗauko jaka da takalma sai ya hau tsalle a bakin ƙofa, mai shi kuma ya ce ai ga shi nan, shi ma yana so. Haƙiƙa yana so, amma me yake so? Bai san Ben Nevis ba, bai san awa nawa suka rage rana ta faɗi ba. Abin da ya sani shi ne ubangidansa zai fita, shi kuwa ba ya son a bar shi a baya. Da kasuwa za a je, tsallen ke nan; da bakin mutuwa za a je, tsallen ke nan. Ashe ke nan mutum dutse ya zaɓa, shi kuwa kare mutum ya zaɓa. Abin da mai shi ya ɗauka izini ne, a gaskiya amana ce aka damƙa masa ba tare da sharaɗi ba.

Bambancin izini da amana kuwa babba ne. Wanda ya ba ka izini ya rage maka nauyi, domin ya ɗauki rabonsa na abin da zai biyo baya. Wanda ya ba ka amana ƙara maka nauyi ya yi, don ya sauke nasa tunanin gaba ɗaya ya aza a kanka. Iyakar yadda mabiyi ya sakankance da kai, iyakar yadda uzurinka ke raguwa in ka kai shi ka baro. Saboda haka biyayyar kare, wadda mai shi ke kafa hujja da ita, ita ce babbar shaidar da za ta tsaya a kansa ranar da abu ya ɓaci.

Masana falsafar Turai sun taɓo wannan batu ta fuskoki biyu. Immanuel Kant yana ganin mutum ba shi da wani haƙƙi na kai tsaye da dabba ke bin sa, amma wanda ya wulaƙanta karen da ya daɗe yana yi masa hidima ya ɓata wani abu a cikin zuciyarsa, kuma ba da daɗewa ba mutane ma za su ɗanɗana. Jeremy Bentham kuwa, a 1789, ya nuna cewa abin lura game da dabba shi ne tana jin zafi, ko tana da hankali ko ba ta da shi. Kowannensu ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da suka bari. Matsalar karen dutse ba ta mugunta ba ce. Mai shi yana ƙaunar sa, wataƙila ma fiye da yadda yake ƙaunar wasu 'yan'uwansa. Abin tambaya shi ne ko ƙauna kaɗai ta isa ta wanke mutum, alhali shi ne mai sani, abin ƙaunarsa kuwa a duhu yake.

Karyar Helvellyn da mawaƙa

Adabin Ingilishi yana da wani labari da ya dace da wannan wuri. A watan Afrilu na 1805 wani saurayi mai zane daga Manchester, Charles Gough, ya kama hanyar dutsen Helvellyn a arewacin Ingila, ba ɗan jagora, daga shi sai karyarsa Foxie. Ya faɗo daga kan gaɓa ya mutu. Sai a watan Yuli, bayan wata uku, wani makiyayi ya ji haushi kusa da wani tafki a gindin dutsen, ya je ya tarar da ƙasusuwan saurayin, karyar tana nan kusa da su da ranta. Har ta haihu a wurin, amma ɗan bai rayu ba.

William Wordsworth da Walter Scott kowannensu ya yi waƙa a kan wannan al'amari, daga baya kuma Edwin Landseer ya zana shi. Duka dai sun ɗaukaka karyar, sun mai da ita tutar riƙon amana. To amma tun a lokacin wata jarida ta kawo tambayar da mawaƙan suka kauce wa: me karyar ta ci har wata uku? Wasu suka ce gawar ubangidanta ta ci, wasu suka ɗora wa hankaki laifin. Har yau ba a rufe wannan gardama ba.

Abin da ya kamata ɗalibin adabi ya lura da shi shi ne, da masu yabo da masu zargi duka karyar suka sa a gaban alƙali. Waɗannan suna cewa ta cika amana, waɗancan suna cewa ta ci amana, har da naman mai amanar. Ba a cika jin wanda ya tambayi yadda aka yi karya mai ciki ta tsinci kanta a wannan wuri ba. In ta zauna don ƙauna, wani ne ya kai ta. In ta ci don yunwa, wani ne ya jefa ta cikin yunwar. Yabon amanar dabba abu ne mai daɗi a baki, kuma tsoho ne, don tun a ƙarni na goma Ibn al-Marzuban na Bagadaza ya wallafa littafi sukutum yana fifita karnuka a kan da yawa daga masu sa tufafi. Sai dai yabon yakan zama mayafi. Muddin ana ta tafa wa mabiyi kan yadda ya jure, ba za a sami sukunin tambayar jagora dalilin da ya sa aka shiga halin da sai an jure ba.

Hujjar masu tafiya da kare

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa kare ba kaza ba ne da za a kulle a akurki. Akwai jinsunan da aka yi ɗaruruwan shekaru ana renon su don kiwon tumaki a kan waɗannan duwatsu, gashinsu biyu ne, na ciki da na waje, kuma a yini guda sukan ninka tafiyar makiyayi sau da yawa. Irin wannan kare in aka tsare shi a ɗaki don gudun haɗari, an cuce shi cutar yau da gobe saboda tsoron cutar da wataƙila ba za ta zo ba. Duk wanda ya ga yadda yake birgima cikin dusar ƙanƙara ya san jin daɗinsa ba na ƙarya ba ne. Rayuwar da aka tace ta daga kowane irin haɗari, in ji su, ba ta cancanci a kira ta rayuwa ba, ga mutum ko ga dabba.

Wannan magana karɓaɓɓiya ce, kuma ita ta sa ba za a ce kai kare dutse cikin sanyi laifi ne a kan kansa ba. Amma hujjar tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce inda jin daɗin kare ya tsaya, burin mutum ya ci gaba. Kare yana jin daɗin gudu da shinshine-shinshine da zama kusa da mai shi, kuma duk waɗannan yana samun su a gindin dutse kamar yadda zai same su a ƙololuwa. Ƙololuwa ta mutum ce shi kaɗai. A 1971 aka shaida cewa wani kare mai suna Kitchy, na marubucin nan Hamish Brown, shi ne karen farko da ya gama hawan duwatsun Munro baki ɗaya. Abin sha'awa ne, amma wa ke riƙe da lissafin? Ɗaya daga cikin duwatsun nan, a tsibirin Skye, tsinin dutse ne da mutane ma sai da igiya suke sauka daga kansa, kare kuwa sai dai a ɗauke shi. Karen da aka ɗaga zuwa can bai san ya kafa tarihi ba. Tarihin na mai shi ne, shi dai nasa bi.

Sa'an nan akwai waɗanda ba a shawarce su ba sam. Zomon dutse da wata tsuntsuwa mai kama da makwarwa sukan rikiɗe su yi fari fat a lokacin sanyi, suna lallaɓa ɗan ƙarfin da ya rage musu har bazara. Korar minti biyu da kare zai yi musu don wasa, su a wurinsu asarar abincin da ba su da hanyar mayarwa ce. Tumakin da ke gangaren dutse kuma a lokacin ciki gare su. Shi ya sa dokar Sikotlan ta 2003, wadda ta ba kowa 'yancin ratsa filaye da duwatsu, ta cire wanda ke tafe da karen da bai iya sarrafa shi ba daga cikin masu wannan 'yanci. Haka nan masu aikin ceto a duwatsun ƙasar 'yan sa kai ne, ba albashi suke karɓa ba. In kare ya rufta, mai shi ya bi shi don ya ciro shi, shi ma ya maƙale, su ne za su baro iyalinsu da tsakar dare su shiga guguwa.

Karnukan ceto

Wani zai ce, to ai su ma masu ceton da karnuka suke aiki, me ya sa nasu ya zama abin yabo? Gaskiya ne. A mashigar dutsen Saint Bernard, tsakanin Suwizalan da Italiya, mai tsawon mita 2,469, a zamanin da, masu ibadar da ke kula da masaukin matafiya sun daɗe suna amfani da karnuka wajen neman waɗanda ƙanƙara ta rutsa da su. Mafi shahara a cikinsu shi ne Barry, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1814, aka ce ya ceci mutum fiye da 40, har yau kuma ana nuna shi a gidan tarihi na birnin Bern. A Sikotlan ma, Hamish MacInnes ya je Suwizalan ya ga yadda ake horar da irin waɗannan karnuka, ya dawo ya kafa ƙungiyar karnukan bincike da ceto a 1965.

Dalilin buƙatar su a fili yake. Wani bincike da aka buga a 1994 kan waɗanda dusar ƙanƙara ta binne a Suwizalan ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari suna da rai in an tono su cikin minti 15 na farko, amma zuwa minti 35 sai adadin ya faɗo kusan kashi 30. Hancin kare yana gano inda mutum yake cikin ɗan lokacin da jerin mutane masu tsokana da sanduna ba za su iya ba.

Shi ma karen ceto ba a tambaye shi ba. Amma abu biyu sun raba shi da karen yawon shaƙatawa. Na farko, abin da aka aza a ɗaya gefen ma'auni ran ɗan Adam ne, ba marmarin ganin ƙololuwa ba. Na biyu, mai riƙe da shi ya biya kuɗin amanar tun kafin ranar: ya shafe shekaru yana horar da shi, ya san alamun gajiyarsa, ya san inda zai tura shi da inda ba zai tura shi ba. Darasin ke nan. Haɗarin da za a jefa mabiyi ciki dole ya yi daidai da girman dalilin, kuma dole jagora ya riga ya yi wahalar sanin abin da mabiyin zai iya.

Ma'aunin juyawa

To yaya mai hawan dutse zai san ko ya riƙe amana? Masu abin sun san ƙananan alamu. Dusar ƙanƙara takan dunƙule tsakanin yatsun kare ta zama tsakuwa, ya riƙa tsayawa yana cizon ƙafa. Ƙanƙara mai kaifi takan yanke masa tafin ƙafa, ƙayoyin takalmin mai shi ma sukan soke shi in ya matso. In aka tsaya hutawa, mutum ya ƙara riga, shi kuwa ya hau rawar ɗari. Igiya ma ba ta raba gardama: in an sake shi yana iya bin leɓen ƙanƙara, in an ɗaure shi a jiki a wuri mai santsi yana iya fizgar mai shi su tafi tare. Duk wurin da sakin kare haɗari ne, ɗaure shi ma haɗari ne, wurin ya riga ya ba da amsa: ba wurin kare ba ne a wannan rana.

Wahalar ita ce kare ba ya cewa ya gaji. Zai bi ka da ɗingishi, zai bi ka jini na zuba, in ka waiwaya ya kaɗa maka wutsiya. Abokin tafiya ɗan Adam zai ja rigarka ya ce mu koma, shi kuwa wannan ba zai taɓa ba ka wannan uzuri ba. Don haka dole mutum ya zama bakin karensa a kan kansa, ya yi gardama da burinsa a madadin wanda ba ya iya gardama. Ga ƙololuwa ana hango ta, saura tafiyar rabin awa, an yi tuƙin awa huɗu kafin a zo, sararin sama garau, ƙafar mutum da sauran ƙarfi. Abin da ya rage kawai shi ne kare ya fara ɗaga ƙafa ɗaya. Wanda ya juya a wannan wuri, ba mai ganin sa balle ya yaba masa, shi ne ya fahimci abin da aka damƙa masa da asuba a bakin ƙofa.

Kammalawa

Abin da wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tafiya da kare kan dutsen ƙanƙara ba abin zargi ba ne, matuƙar mai tafiyar ya yarda cewa daga lokacin da kare ya biyo shi, tafiyar ta daina zama tasa shi kaɗai. Iyakarta ta koma iyakar mai rauni a cikinsu, hukuncinta kuma ya rataya a wuyan mai sani. Murnar mabiyi ba ta zama izini, juriyarsa kuma ba ta wanke wanda ya ja shi.

Mai karatu ba ya buƙatar ya taɓa ganin dusar ƙanƙara kafin ya gane fuskar wannan magana. Duk wanda wani ke bi ba tare da tambaya ba, malami ne da ɗalibansa, ko uba da 'ya'yansa, ko shugaba da talakawansa, yana tafe ne da irin wannan abokin tafiya. Yana da sauƙi ya waiwaya ya ga ana biye da shi, ya ɗauka hanyarsa ce ta yi kyau. Sau da yawa kuwa ba hanyar aka duba ba, shi aka duba. Dutsen yana nan, ana iya komawa wata shekara, amma wanda ya rufta saboda ya yarda da kai ba ya dawowa.